Cigoli: Mai zanen da ya ɗora watan Galileo a ƙubbar Fafaroma

Ranar 26 ga Afrilun 2025 aka kai gawar Fafaroma Francis majami'ar Santa Maria Maggiore da ke birnin Roma, aka binne shi a wani ɗan lungu na gefe kamar yadda ya bar wasiyya. Hankalin 'yan jarida duk ya tafi ga kabarin da manyan baƙin da suka halarci jana'izar. Taku kaɗan daga wurin kuwa akwai ƙofar wani ɗakin ibada da ake kira Paolina, wanda Fafaroma Paul na Biyar ya gina sama da shekara ɗari huɗu da suka wuce. Wanda ya shiga ya ɗaga kai zai ga ƙubba mai tsawo, a cikinta an zana wata mace tsaye a tsakiyar mala'iku, ƙafafunta a kan wata. Nana Maryam ce, yadda mabiya ɗarikar Katolika suke suranta ta. Watan da take takawa shi ne abin lura. Yana da ramuka da tabo, iyakar da ta raba haskensa da duhunsa kuma a gantsare take kamar haƙoran zarto.

An gama wannan zane a 1612. Bayan shekara huɗu, Fafaroman da ya biya kuɗin aikin ya ba da umarni a ja kunnen Galileo Galilei, mutumin da ya fara bayyana wa duniya cewa haka fuskar wata take. A 1633 kotun binciken aƙida ta cocin ta tilasta wa Galileo ya durƙusa ya janye maganarsa cewa ƙasa tana kewaya rana. Duk wannan ya wuce, watan na nan a ƙubbar, ba wanda ya kankare shi.

Wanda ya zana shi sunansa Lodovico Cardi, amma an fi saninsa da sunan ƙauyensu, Cigoli. Mai karatun Hausa ya huta da wahalar furuci a nan, domin yadda zai karanta sunan da ƙa'idar rubutunmu, haka mutanen Italiya suke faɗinsa. Mai zane ne, mai tsara gine-gine, kuma aminin Galileo tun suna samari. Rayuwarsa ta nuna yadda mai sana'ar da ke cin abinci daga hannun masu mulki yake yi da abin da idonsa ya gani.

Yaron da warin gawa ya kora gida

An haifi Cigoli ranar 21 ga Satumban 1559 kusa da garin San Miniato, a yankin Tuskani da ke tsakiyar Italiya. A lokacin ba wata ƙasa ɗaya mai suna Italiya. Akwai jamhuriyar Venis, da ƙasashen da Fafaroma ke mulka da kansa, da yankunan da ke hannun Sifaniya, sai Tuskani mai hedikwata a birnin Fulorens. Wannan birni ya daɗe yana alfahari da cewa jamhuriya ne, amma a 1530 sojojin sarkin daular Roma Mai Tsarki suka yi masa ƙawanya har ya miƙa wuya, aka damƙa shi ga zuriyar Medici, attajiran banki da suka rikiɗe suka zama sarakuna. Kafin Cigoli ya yi wayo, Cosimo na Ɗaya ya riga ya tattara komai a hannunsa, har da sana'ar zane. A 1563 aka kafa makarantar masu zane da sassaƙa da gini ƙarƙashin inuwarsa. Daga nan duk mai neman babban aiki a birnin ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Cigoli ya fara koyon aiki a wajen Alessandro Allori, ɗaya daga cikin manyan masu zanen fada. Allori ya ɗauki sanin jikin ɗan'adam da muhimmanci ƙwarai, har yakan feɗe gawa domin almajiransa su ga yadda tsoka da jijiya suke kwance a ƙarƙashin fata. Tarihin da ɗan ɗan'uwan Cigoli ya rubuta bayan mutuwarsa ya ce yaron ya duƙufa a wannan aiki har warin gawarwakin ya jefa shi cikin wata cuta mai kama da farfaɗiya, ƙwaƙwalwarsa ta rikice, aka mayar da shi ƙauye ya yi 'yan shekaru yana jinya. Da ya warke ya koma. Bayan shekaru masu yawa ya ƙera wani ɗan mutum-mutumi na kakin zuma, siffar mutum da aka ɗaye wa fata, hannu ɗaya a sama. An yi ta zuba kwafinsa da tagulla, ɗaliban zane a Turai suka yi ƙarnoni suna koyon jiki da shi.

Malaminsa na biyu shi ne Bernardo Buontalenti, injiniyan fadar Medici, mai tsara ganuwa da fadoji da wasannin wuta na bukukuwa. A gidansa wani masanin lissafi mai suna Ostilio Ricci yake koyar da ilimin auna siffofi da kuma ƙa'idar da ke sa abu ya yi kamar yana nesa ko kusa a kan shimfiɗaɗɗiyar takarda. Ricci ɗin nan shi ne ya jawo Galileo daga karatun likitanci zuwa lissafi. A wannan da'ira samarin biyu suka haɗu, Cigoli ya girmi Galileo da shekara huɗu da 'yan watanni. Dukansu suna kaɗa molon Turawa, dukansu suna son waƙa da gardama. Vincenzo Viviani, almajirin Galileo da ya rubuta tarihinsa, ya ce Galileo ya taɓa sha'awar zama mai zane, Cigoli kuma yakan ce a fannin nisa da kusa Galileo ne malaminsa. Ita kanta wannan ƙa'ida tana da dogon asali: littafin Ibn al-Haisam kan gani da haske, wanda ya rubuta a Alƙahira a ƙarni na 11, an fassara shi zuwa Latin da Italiyanci, masu zanen Fulorens na ƙarni na 15 kamar Lorenzo Ghiberti kuma sun ɗebi abubuwa da yawa daga cikinsa.

Lokacin da coci ta sa wa burushi doka

Domin a fahimci irin zanen da Cigoli ya yi, sai an san rikicin da ya raba Kiristocin Turai. Tun 1517 Martin Luther ya tayar da ƙayar baya, arewacin nahiyar ya ɓalle daga Fafaroma, a wurare da dama masu bore suka farfasa hotuna da gumakan majami'u suna cewa bautar gumaka ce. Cocin Katolika ta mayar da martani da babban taron malamai a garin Trent, daga 1545 zuwa 1563. A zamansa na ƙarshe taron ya yanke cewa hotuna za su ci gaba da zama a majami'u, amma dole su koyar da jama'a, kada su ƙunshi batsa ko abin da zai rikita mai sauƙin ilimi, kuma bishop ne zai sa ido. Ba wasa ake yi ba. An sa wani mai zane ya lulluɓe tsiraicin mutanen da Michelangelo ya zana a bangon ɗakin ibadar Sistina. A 1573 kotun aƙida ta Venis ta kira Paolo Veronese ta titsiye shi kan dalilin da ya sa ya cusa karnuka da wawayen fada da sojojin Jamus a hoton liyafar Almasihu.

Salon da Cigoli ya tarar a Fulorens ya riga ya tsufa: jikuna dogaye a murɗe, launuka masu sanyi, hoto cike da alamomin da sai mai zurfin karatu zai warware. Shi da abokinsa Gregorio Pagani suka tafi Arezzo domin su ga wani hoto na Federico Barocci, suka dawo da wata fahimta dabam. Ya koma ga launi mai ɗumi, da haske da inuwa masu taushi irin na Correggio, da fuskokin da mai kallo zai ji ciwonsu a jikinsa. A hotonsa na 1597 na jifan Istifanus, wanda ke fadar Pitti a yau, mutumin ya zube ƙasa, jini a goshinsa, masu jifan sun ɗaga duwatsu da dukan ƙarfinsu. Ba a bukatar malami ya fassara. Ya kuma zana waliyyi Francis yana addu'a sau da yawa, saboda masu saye suna ta nema.

Wannan sauyi daga wasan basira zuwa abin da ke taɓa zuciya kai-tsaye shi ne mafarin salon da daga baya aka raɗa wa suna Barok. Su Cigoli ba su san sunan ba, masu sukar salon ne suka liƙa masa shi bayan ƙarni guda da wani abu, da nufin ba'a. Abin da ya kamata a riƙe shi ne cewa salon ya tashi ne da kuɗin masu iko kuma domin bukatarsu. Coci tana son ta dawo da zukatan da suka kuɓuce mata, sarakuna suna son talakawa su ga girmansu su rusuna.

Mai tsara gine-ginen fada

A ɓangaren gini, abin da Cigoli ya bari bai kai zanensa yawa ba, amma yana nan a tsaye. Shi ya tsara farfajiyar cikin fadar da mutanen Fulorens ke kira Nonfinito, wato wadda ba a gama ba, da Buontalenti ya fara wa zuriyar Strozzi a 1593. Yau gidan tarihin al'adun bil'adama ne. Nasa ne ƙaramin shirayin Tornaquinci da ke kan titin Tornabuoni, da babban ɗakin ibadar majami'ar Santa Felicita. Gininsa mai natsuwa ne, yana bin sawun magabata, ado kaɗan a bakin ƙofa da taga. Wanda ya san rawar da bango zai yi a hannun Borromini bayan shekara talatin zai ga cewa Cigoli a bakin ƙofar sabon zamani ya tsaya.

Mafi yawan ƙarfinsa a wannan fanni ya tafi ne a abubuwan da ba sa daɗewa: ƙofofin katako na maraba, da dandamalin wasa, da adon tituna idan ɗan sarki zai yi aure, kamar bikin Cosimo na Biyu a 1608. Shi ya zana tsarin gindin mutum-mutumin Sarki Henri na Huɗu na Faransa, mijin Maria ta gidan Medici, wanda aka kafa a kan gadar Pont Neuf a Paris. A kusurwoyin gindin huɗu an zaunar da kamammu huɗu na tagulla, ɗaure da sarƙa. Masu juyin juya halin Faransa sun narkar da sarkin da dokinsa a 1792, suka bar kamammun, suna gidan tarihin Louvre yanzu. Duk mai son ya mayar da Cigoli ɗan tawaye sai ya fara tsayawa a gaban waɗannan huɗun. Wanda ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski, shi kuwa ya yi askin da gwaninta.

A 1604 ya koma Roma da goyon bayan Sarki Ferdinando na Ɗaya, aka ba shi aikin babban hoto a majami'ar waliyyi Bitrus, inda Bitrus yake warkar da gurgu. Masana na wancan ƙarni sun sa shi cikin hotuna mafi kyau a birnin. A kan allunan dutse aka zana shi, danshi ya cinye shi. A 1607 ya shiga gasar tsara fuskar wannan majami'a, Carlo Maderno ya yi nasara, zanen Cigoli ya ƙare a ma'ajiyar Uffizi. A shekarar ce kuma ya zana hotonsa da ya fi shahara, na Bilatus yana nuna wa jama'a Almasihu bayan an yi masa bulala. Ɗan ɗan'uwansa ya ce gasa aka yi da Caravaggio, kawunsa ya kayar da shi. Takardun da aka gano daga baya sun nuna shekara biyu ce tsakanin yarjejeniyar Caravaggio da ta Cigoli, don haka a ɗauki labarin a matsayin yabon dangi.

Abin da mai zane ya gani a wata

A ƙarshen 1609 Galileo, yana koyarwa a Padua, ya juya madubin hangen nesan da ya ƙera zuwa sama. A Maris na 1610 ya buga ɗan littafinsa Sidereus Nuncius a Venis, inda ya ce akwai taurari huɗu da ke kewaya Mushtari, kuma fuskar wata cike take da duwatsu da kwaruruka. Ya ma auna tsawon wasu duwatsun ya ce sun haura mil huɗu. Taurarin huɗu ya sa musu sunan gidan Medici, cikin 'yan watanni aka naɗa shi babban masanin lissafi da falsafa na fadar. Shi ma ya san ƙofar da ake ƙwanƙwasawa.

Me ya sa duwatsun wata suka zama abin faɗa? Jami'o'in Turai sun gaji koyarwar Aristotle cewa duniya kashi biyu ce. Daga wata zuwa ƙasa akwai lalacewa da sauyi da mutuwa. Daga wata zuwa sama komai cikakke ne, mulmulalle, ba ya sauyawa. Tabon da kowa ke gani a fuskar wata da ido an daɗe da samar masa bayani, wanda ake dangantawa da Ibn Rushd: wani sashe na jikinsa ya fi wani kauri, shi ya sa ba ya karɓar haske daidai, amma fatarsa sumul take. Idan kuwa wata yana da tudu da kwari kamar ƙasa, to bangon da ya raba sama da ƙasa ya tsage. Idan wata irin ƙasa ne kuma yana yawo a sarari, me zai hana ƙasa ita ma ta yi yawo, kamar yadda Copernicus ya faɗa tun 1543?

Wani abu da masana tarihin zane suka daɗe suna nunawa shi ne cewa ba Galileo ne ya fara duban wata da madubi ba. Wani Bature ɗan Ingila, Thomas Harriot, ya riga shi da 'yan watanni, a tsakiyar 1609, ya kuma zana abin da ya gani. Zanen nasa 'yan layuka ne da tabo, ba tudu ba rami. Madubinsa bai kai na Galileo ƙarfi ba, wannan gaskiya ne. Amma akwai bambancin horo. Galileo ya tashi cikin mutanen da suke kwana suna koyon yadda inuwa take faɗawa a cikin kwano da yadda take faɗawa a bayan tulu. Da ya ga ɗigon haske a cikin duhu, kusa da iyakar dare da rana a kan wata, kuma ya ga ɗigon yana faɗaɗa da wucewar sa'o'i, ya gane ƙololuwar dutse ce rana ta fara taɓawa kafin ta sauka gindinsa. Bayan littafin Galileo ya isa Ingila, sai ga ramuka sun bayyana a zanen Harriot. Hausawa na cewa gani ya kori ji, amma a nan sai da ya ji kafin ya gani.

Cigoli yana Roma lokacin da gardamar ta kaure, ya zama idon Galileo da kunnensa a birnin. Wasiƙunsa suna nan. A Oktoban 1610 ya rubuta masa cewa Christopher Clavius, dattijon masanin lissafi na ƙungiyar Jesuit wanda ya yi aikin gyaran kalandar 1582, shi da mutanensa suna yi wa taurarin Mushtari dariya, suna cewa sai dai idan madubin ne ke ƙirƙirarsu. Kafin shekarar ta ƙare Clavius ya gan su da idonsa ya yarda. A kan duwatsun wata kuwa ya turje, ya tsaya kan tsohon bayanin kauri. Wani malami a Fulorens, Lodovico delle Colombe, ya kawo wata dabara: ko da akwai duwatsun, ai wani gilashi marar ganuwa ya lulluɓe su, saboda haka wata na nan sumul. Galileo ya amsa cewa ya yarda, muddin shi ma za a bar shi ya gina duwatsun da suka fi waɗannan tsawo da wannan gilashin da ba mai ganinsa. Cigoli ya fi shi zafi. A Agustan 1611 ya rubuta cewa ya yi ta tunanin uzurin da zai ba Clavius bai samu ba, sai dai cewa masanin lissafin da bai iya zane ba, komai girmansa, rabin masani ne, kuma mutum ne marar ido.

Akwai wani abu a wasiƙun da ya kamata ya tsaya wa mai karatun Hausa a rai. Littafin da ya girgiza Turai da Latin aka rubuta shi, harshen jami'a da coci, Cigoli kuwa ya gaya wa abokinsa cewa ko ya samu littafin ba zai fahimce shi ba. Mutumin da ya fi malaman jami'a gane abin da ke cikin littafin, harshe ya tare masa hanya. Littattafan da Galileo ya fitar bayan wannan da Italiyanci ya rubuta su, ya kuma bayyana wa wani abokinsa a 1612 cewa yana son kowa ya iya karantawa, har waɗanda neman abinci ya hana su zuwa jami'a. Wannan zaɓi ya ƙara masa masoya, ya kuma ƙara wa hukuma damuwa, domin gardamar da ta fita daga zauren malamai ta shiga kasuwa ta fi wuyar kullewa.

Cigoli ne ya fara jin ƙanshin haɗari. A Disamban 1611 ya sanar da Galileo cewa wasu masu hassada suna taruwa a gidan babban bishop na Fulorens suna neman hanyar da za su kama shi a kan batun motsin ƙasa, har sun roƙi wani mai wa'azi ya yi tir da shi a kan mumbari, mutumin ya ƙi. Bayan shekara uku wani ya karɓi aikin: Tommaso Caccini ya hau mumbarin majami'ar Santa Maria Novella a Disamban 1614 ya yi abin da aka nema.

A cikin ƙubbar

Duk wannan lokaci Cigoli yana can sama a kan katakan hawa, yana zane a kan ɗanyen shafen ƙubbar Paolina. Ya fara a 1610. Wurin ba ƙaramin wuri ba ne. Paul na Biyar, ɗan gidan Borghese, ya gina shi ne domin ya zama makwancinsa kuma mazaunin wani tsohon hoton Maryam da mutanen Roma suke ɗauka a matsayin garkuwar birninsu. Mutum ne da ba ya wasa da ikonsa: a 1606 ya haramta ibada a duk jamhuriyar Venis saboda ta gurfanar da limamai biyu a kotunta. Malaman coci ne suka rubuta abin da za a zana a kowane bango. A ƙubba sun nemi matar da littafin Wahayin Yahaya ya siffanta, mai lulluɓe da rana, da kambin taurari goma sha biyu, wata a ƙarƙashin ƙafafunta. Ba su faɗi irin watan ba, domin a wurinsu iri ɗaya ne. Masu zane sun saba yin sa sumul kamar azurfa ko ƙanƙara, alamar tsarkin Maryam.

Cigoli yana da nasa madubin. A farkon 1612 yakan hau saman majami'ar ya duba baƙaƙen tabon da ke fuskar rana, ya zana su ya aika wa Galileo, daga baya ya taimaka wajen kula da zanen da aka buga a littafin Galileo na 1613 kan wannan batu. Da ya zo kan wata, ya zana abin da ya gani. A Disamban 1612 Federico Cesi, wanda ya kafa ƙungiyar masana ta Lincei, ya rubuta wa Galileo cewa abokinsa ya yi aikin ban mamaki a ƙubbar, kuma saboda amana ya zana watan yadda Galileo ya gano shi.

Yaya aka yi ya wuce? Masu son labarin jarunta sukan ce sumoga ya yi, ya shigar da haramtaccen kaya ta ƙarƙashin hancin Fafaroma. Tarihi bai goyi bayan wannan ba. A 1612 ba a haramta komai ba tukuna. Shekara guda kafin nan Galileo ya ziyarci Roma, Paul na Biyar ya karɓe shi hannu biyu, kwalejin Jesuit ta shirya taron girmama shi. Hukuncin 1616 ma a kan motsin ƙasa ya faɗa, bai ambaci duwatsun wata ba. Ban da haka, alamar tana da fuska biyu. Wasu malaman coci sun daɗe suna fassara watan da ke ƙarƙashin ƙafar matar a matsayin duniya mai gushewa, ko bidi'ar da take takawa. Ga mai wannan fahimta, wata mai tabo ya ma fi dacewa. Mai yiwuwa Cesi ya ɗaga kai ya ga nasarar madubi, limamin da ke gefensa ya ga an tattake ɓata, kowa ya tafi gida da farin ciki.

A ganina wannan bai rage wa Cigoli daraja ba, ya dai sauya irin darajar. Bai yi fito-na-fito da kowa ba, bai kuma sa wuyansa a igiya ba. Amma ya san cewa babban masanin Jesuit ya ƙi yarda da duwatsun, ya san ana ƙulla wa abokinsa tuggu, shi da kansa ya kai rahoton. Hanya mafi sauƙi ita ce ya zana watan da kowa ya saba gani ya karɓi kuɗinsa. Ya lura akwai 'yar ƙofa a buɗe, ya shige da abin da ya tabbatar kafin a rufe. An kuwa rufe. Bayan 'yan shekaru, da Velázquez ya zana irin wannan hoto a Sifaniya, watan da ya sa a ƙarƙashin ƙafar Maryam garau yake kamar gilashi.

Abin da ya dami Cigoli kansa wani abu ne dabam. Masu rubuta tarihinsa sun ce da aka sauke katakan ya tsaya a ƙasa ya duba, sai ya ga siffofin ba su zauna yadda ya auna ba, lanƙwasar ƙubbar ta ja su, abokan hamayya kuma suka samu abin faɗa. Ga mutumin da ya rubuta littafi sukutum kan ƙa'idar nisa da kusa, har ya ƙirƙiri na'urorin zana ta, wannan ciwo ne. Ya so ya gyara, ba a ba shi dama ba.

A 1613, da taimakon gidan Borghese, aka ba shi muƙamin jarumi na ƙungiyar Malta, girman da masu zane kaɗan suka samu. Bai more shi ba. Zazzaɓi ya kama shi, ya rasu a Roma ranar 8 ga Yunin 1613 yana da shekara 53. Bai ga wa'azin Caccini ba, bai ga hukuncin 1616 ba, bai ga abokinsa yana da shekara 69 a durƙushe gaban alƙalai ba. Galileo ya ƙare rayuwarsa a tsare a gidansa da ke Arcetri, idanunsa sun makance, ya rasu a Janairun 1642.

An yi ƙarnoni sunan Cigoli yana dusashewa a bayan na Caravaggio da Bernini, sai a 1954 masanin tarihin zane Erwin Panofsky ya sake jawo hankalin masana ga abotarsa da Galileo da kuma watan da ke ƙubbar. Littafinsa kan nisa da kusa, wanda danginsa suka yi niyyar bugawa ba su samu iko ba, ya zauna a rubutun hannu a Uffizi har 1992 kafin a buga shi. A Oktoban wannan shekarar ce Fafaroma John Paul na Biyu ya tsaya gaban masanan fadarsa ya amince cewa malaman da suka hukunta Galileo sun yi kuskure.